Kwaɗon da Na Zaga Gari da Shi a Bayan Babur

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na manta akwai masu tuna mini, da daminar da na ɗora kwaɗo a bayan babur na zaga da shi Tsafe da Gusau da Bungudu, ina ganin taimakon al'umma nake yi.

Ni malamin gona ne. Na haura shekara ashirin a wannan aiki, kuma ba yabon kai ba (to, yabon kai ne, ku dai yi haƙuri da ni), da wuya a sami fadamar da ban taka ba a yankinmu. Na san manomi, na san halinsa. Ka yi masa bayani tun safe har azahar, zai ce maka, "To Malam, madalla," ya koma gida ya shuka irin kakansa. Amma ka yanki ɗan fili a bakin hanya, ka shuka sabon iri inda zai riƙa gani kullum in zai wuce, kafin kaka shi da kansa zai biyo ka har ofis. Wannan ita muke kira gonar gwaji. Da ita na yi suna a wurin aiki, ita ce kuma ta kai ni ta baro.

A farkon daminar aka kira mu taro a Gusau. Wata malamar jami'a ce ta zo, Dakta Rabi, wadda duk karatunta a kan kwaɗi ta yi shi (ni ma da na ji na riƙe baki, amma ilimi faɗi gare shi). Ta ce an fara ganin wani baƙon kwaɗo a wasu ruwaye, wanda ba na ƙasarmu ba ne. Ya fi namu na fadama girma, maƙogwaronsa rawaya, kukansa kamar na maraƙi. Ana zaton a cikin ruwan 'ya'yan kifi da ake kawowa daga nesa ya shigo. Illarsa ci. Yana cinye 'ya'yan kifi, yana kuma cinye ƙananan kwaɗinmu da ke rage mana ƙwari a gonar shinkafa. Ita da ɗalibanta ba za su iya bin kowane tafki ba, ga yawa, ga kuma halin da hanyoyinmu suke ciki, wanda ba sai na faɗa ba. Shi ya sa take son mutanen gari su zama idonta. Duk wanda ya ga kwaɗon ya ɗauki hotonsa da waya, ya tura ta wata manhaja, sai ɗigo ja ya fito a taswira. Da haka za a san inda ya kai da inda ya dosa.

Daga nan ta shiga dogon bayani a kan ƙa'idojin aikin. Ban ji ko ɗaya ba. Ina can layin baya ina gaya wa na kusa da ni cewa ni na san kwaɗi tun wannan baiwar Allah ba ta shiga firamare ba. Da aka tambayi wa zai ɗauki nauyin koya wa mutanen ƙauyuka amfani da manhajar, hannuna ne ya fara tashi.

Sati biyu ina yawo ban ga komai ba sai kwaɗinmu na gado. Ranar nan na je Bilbis duba wata gonar masara, sai wata tsohuwa mai kiwon agwagi, Inna Kulu, ta tare ni a hanya.

"Kai ne malamin da anka ce yana cigiyar kwaɗi?"

Na ce ni ne, Inna.

"To taho ka ga wanda yac cinye mini ɗan agwagwa. Na kihe shi da kwando tun jiya, na ɗora dutse bisa."

Da na ɗaga kwandon sai da na ja da baya. Ƙato ne, ya cika tafin hannu biyu, ga rawayan maƙogwaro, yana kallona ko gezau. Na ɗauki hoton na tura. Ban kai Tsafe ba Dakta ta kira ni da kanta.

"Malam, shi ne. Kai ne na farko da ya turo na gaske daga wannan yankin. Sauran dai ka san ƙa'ida, ko?"

Na ce, "Haba Dakta, sosai ma."

Ranar ban san yadda na iso Gusau ba don daɗi. Abin da ban gaya mata ba shi ne kwaɗon na bayana, a cikin bokitin fenti da na huda wa murfi, na shimfiɗa masa jiƙaƙƙen buhu. Ina da dalilina. Mutanen da nake koya wa sun dame mu da turo hoton kowane irin kwaɗo, har da na gindin randa, saboda ɗan hoton da nake nuna musu a waya bai ishe su su gane ba. Sai na ce ai ga gonar gwaji Allah ya kawo mini har gida. Wanda ya ga wannan ƙato ido da ido ba zai sake haɗa shi da wani ba.

Maiɗakina ce ta fara ƙin abin.

"Malam, mene ne a bokitin nan?"

"Kayan aiki ne."

"Kayan aikin ne ke kuka kamar an raba shi da uwarsa? Na haƙura da buhun taki a ɗakina, na haƙura da maganin feshi, amma wannan kam a zaure zai zauna, ku ƙarata kai da shi."

A zaure ya zauna. Kullum da safe kafin in karya sai na tono masa tana, na kamo masa fara. Ni da ban taɓa ba akuyar gidan dusa da hannuna ba.

Ga yadda nake koyarwar, kuma har yau in na cire abu ɗaya ina ganin tsari ne mai kyau. In na isa gari sai in gai da mai gari, a tara mini manoma da masunta da masu babbar waya. Mu tafi bakin ruwa. In fito da kwaɗon, wanda na ɗaura wa jan zare a ƙugu don kada ya tsere, in ajiye shi a gefen ruwan, in ɓoye zaren a cikin ciyawa don hoto ya yi kyau. Kowa ya zo ya ƙare masa kallo, ya ga maƙogwaron, ya ji kukan in ya ga dama ya yi. Sai in ce kowa ya fito da wayarsa ya ɗauki hoto, ya buɗe manhajar, ya danna tura, don hannu ya saba. Ni a sanina, tunda ba mu rubuta sunan gari ba, hoton ba ya zuwa ko'ina, wasa ne kawai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana, ni kuwa nawa ƙuƙumin har ado na yi masa.

Ba a jima ba saƙonni suka fara shigowa zauren da aka buɗe mana a waya. An ga kwaɗon a wani ƙauye kusa da Tsafe. Na ce ikon Allah, shekaranjiya fa na bar garin nan, gara da na riga shi zuwa. Bayan kwana uku aka ce ya ɓulla a gefen Gusau, daidai inda na yi taro ranar Litinin. Hankalina ya tashi. Na ce lallai wannan halitta tsere take yi da ni, kuma ba za ta riga ni ba. Na ƙara mai a babur, na riƙa fita da sassafe ina dawowa kafin la'asar, ina faɗakar da garuruwan da bai kai ba tukuna. Duk garin da na faɗakar, kwana biyu sai a ce ya isa. Ku da kuke karantawa na san kun riga kun gano. Ni kuwa wallahi ko a mafarki ban kawo hakan ba, sai ma ƙara jin kaina da nake yi, ina cewa dubi yadda mutanen da na koyar suke aiki.

Haka na bi har na kai Kekun Waje a ƙasar Bungudu. A can akwai wani dattijo, Malam Garba, mai kiwon tarwaɗa. Rami ya haƙa a bakin fadamarsa da hannunsa da na 'ya'yansa, ya tara ruwa, ya sayo 'ya'yan kifi daga nesa ya zuba. Shekarar ce ta farko da abin ya kama masa, saura kamar wata biyu kifin ya isa sayarwa. Shi ya sauke ni. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka damo fura mai kyau, ya aika aka kira maƙwabta. Da na nemi bakin ruwan da za mu yi koyarwa ya ce ga nasa nan, ai ba sai mun yi nisa ba. Ranar na sami jama'a fiye da ko'ina. Shi kansa ƙaramar waya gare shi mai tocila, don haka tsayawa ya yi a gefe yana kallo, hannu a baya, sauran suna ta ɗauka suna turawa.

Sati ɗaya bayan haka aka kira babban taro a Gusau. Aka ce za a bayyana abin da aka samu, za a kuma ba da takardar yabo ga wanda ya fi kowa ƙoƙari. Wani ya tsegunta mini cewa sunana ne a kai. Na sa aka yi wa babbar rigata guga, na ɗauko hular da nake zuwa ɗaurin aure da ita, na isa tun kafin a gama jera kujeru, na zauna a layin gaba. Da na waiga na hango Malam Garba a can gefe tare da wakilin mai garinsu. Na ɗaga masa hannu da fara'a. Ya ɗago nasa a hankali.

Aka kunna majigi, taswira ta fito a bango. Jajayen ɗigogi sun taso daga Bilbis, sun biyo titi tiryan-tiryan zuwa Gusau, sun wuce Bungudu, a Kekun Waje kuwa sun taru wuri ɗaya sun yi jajir. Dakta ta ce abin ya ɗaure mata kai, ba ta taɓa jin kwaɗo mai sauri haka ba, amma hotunan daga wayoyin mutane daban-daban suka fito, waɗanda ba su ma san juna ba, don haka dole a ɗauke su da gaske. Sai wani jami'i daga ofishin da ke kula da harkar ruwa da kifi ya karɓa. Ya ce tunda a ruwan Malam Garba aka fi ganinsa, kuma shi ne mai sayo 'ya'yan kifi daga nesa, an yanke shawarar a janye ruwan ramin gaba ɗaya cikin satin nan, a bar shi ya bushe har damina ta wuce. Wakilin mai gari ya ƙara da cewa mutanen gari ma sun fara magana, ana cewa shi ya jawo musu bala'i.

Aka ba Malam Garba dama ya yi magana. Ya miƙe, ya gyara rigarsa.

"Ni dai, ranku shi daɗe, kwana nake ina tashi ga ruwan nan. Ban taɓa ganin wanga kwaɗo ya hito cikinai ba."

Ya dube ni, kallo ɗaya, ba na tuhuma ba. Sai ya ce iyakar abin da zai faɗa ke nan, ya zauna.

Jami'in ya ce hoto ba ya ƙarya. Dakta ta ce bari ta nuna, don kowa ya gamsu. Ta tuna mana, kamar yadda ta ce ta yi bayani tun ranar farko, cewa ba sai mutum ya rubuta sunan gari ba, wayar da kanta take liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi. Ta buɗe ɗaya daga cikin hotunan Kekun Waje, ta faɗaɗa shi har ya cika bango. Ga kwaɗo zaune a bakin ruwa. A ƙarƙashin cinyarsa, tsakanin ciyawa, ga ɗan bakin jan zare ya leƙo.

Babu wanda ya kula da shi sai ni, don ni na ƙulla shi da hannuna.

Jama'a, na taɓa faɗuwa a babur a tsakiyar kasuwa, na taɓa kiran surukina da sunan wani, amma ban taɓa jin abin da na ji a kujerar nan ba. Na dubi taswirar nan da kyau, sai na ga ba tafiyar kwaɗo ba ce, tafiyata ce, har da ranar da na ratse wani ƙauye gaisuwar rasuwa na ce bari in yi musu koyarwa tunda na zo. Kuma zan faɗi gaskiya tunda na fara: zuciyata ta ce mini in yi shiru. Ga takardar yabo can a kan tebur ina hango ta. In an tashi sai in sami Dakta a gefe, ko in tura mata saƙo gobe, ko jibi. Amma na san halin aikin ofis, in takarda ta fita ta fita, kafin a gyara an janye ruwan, kifin bawan Allah sun mutu a taɓo.

Na miƙe. Mai gabatarwa ya ce, "Malam, ba a zo wurin karramawa ba tukuna." Aka ɗan yi dariya.

Na ce, "Dakta, kwaɗon nan guda ɗaya ne."

"Iri ɗaya ne, Malam, haka ne."

"A'a. Guda ɗaya. Na Inna Kulu ne na Bilbis. Ni nake yawo da shi."

Na kwashe komai na faɗa, bokitin, zaren, koyarwar, danna tura don hannu ya saba. Ban rage komai ba. Dakta ta cire gilashinta ta riƙe a hannu, ta daɗe tana kallona.

"Yanzu yana ina?"

"Yana zaurena."

"Ya taɓa kuɓuce maka? Ka yi tunani da kyau kafin ka amsa."

"Ko sau ɗaya. Da na ajiye shi da na ɗauke shi, zaren na hannuna."

Ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce ƙa'ida ta farko da ta faɗa ranar taro ita ce kada kowa ya ɗauke shi daga inda ya same shi. Wani daga baya ya ce, "To ai Malam bai bar shi ya wahala da tsalle ba, ɗan acaɓa ya zame masa." Nan dariyar da kowa ke dannewa ta ɓalle, har da jami'in, har da wanda ke riƙe da majigi. Na tsaya cikin babbar riga mai guga ina karɓa, don na cancanta. Takardar yabo kuwa na ga lokacin da mai gabatarwa ya zare ta a hankali ya tura ƙarƙashin wasu takardu.

A zaman nan muka bi taswirar ni da Dakta, ina faɗin ranar da na je kowane gari tana goge ɗigon. Da aka gama sai 'yan kaɗan suka rage a kewayen Bilbis, waɗanda mutane suka turo bayan na bar garin, na gaske ke nan. A nan aka tattara ƙarfi, kuma har damina ta fita ba a ji ɗuriyarsa a wani wuri ba. Ɗalibanta suka biyo ni gida suka ɗauke kwaɗon. Suka kuma je Kekun Waje da komar kamun kifi suka tace ramin Malam Garba, ba su sami komai ba sai tarwaɗa da kwaɗinmu na gida. Ba a janye ruwan ba. Abin da ya ɗan wanke ni shi ne Dakta ta ce garuruwan da na koyar sun daina turo mata kwaɗin gindin randa gaba ɗaya, sun fi kowa gane baƙon. Ta sa aka buga manyan hotuna masu leda aka ba masu koyarwa, ta ce tsarin Malam ne, an dai cire kwaɗon mai rai.

Amma maganar gari ba a goge ta da gogewar taswira. Ranar Juma'a na hau babur na koma Kekun Waje. Bayan an sallame na nemi izinin liman, na tsaya a ƙofar masallaci na maimaita wa mutanen garin abin da na faɗa a Gusau: Malam Garba bai kawo muku komai ba, ni na kawo, ni na kuma mayar. Can ma an yi mini dariya, amma ta biyu ba ta kai ta farko zafi ba.

Da mutane suka watse na bi shi gida. Na ce, "Malam Garba, a taron nan ka san kwaɗon da aka ɗauka a ruwanka nawa ne. Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Na sani mana. Amma kai baƙona ne, ka zamna bisa tabarmata, ka sha hurar gidana. Gaban manyanka da abokan aikinka ni zan tashi in kwance maka zane? Na ce in Allah ya sa ka gane, kai ka hwaɗi da bakinka. In ba ka hwaɗi ba, to kihi dai ne."

Kifi dai ne, in ji shi. Aikin shekara guda da abincin gidansa ya ajiye a gefe don kada in ji kunya, ni kuwa a lokacin ina zaune ina auna takardar yabo. Na riƙe hannunsa da hannu biyu na daɗe ban saki ba.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu in ana bayani nakan rufe bakina in saurara, ko da mai bayanin sa'ar 'yata ce, ko da a kan abin da nake ganin na ƙoshi da saninsa ne. Na kuma gane cewa kunyar minti biyar a gaban ɗaki cike da mutane ta fi sauƙin ɗauka a kan ta shekara da shekaru a gaban mutum ɗaya. Har yau a ofis in wani abu ya ɓace sai a ce a fara duba kayan Malam, in yi dariya tare da su. Amma in na haɗu da Malam Garba a kasuwar Bungudu, ina iya tsayawa in dubi idonsa mu gaisa, kuma a duk shekarun aikina ban san abin da nake alfahari da shi kamar wannan ba.